Emil Zatopek: Sojan da ya mayar da jikinsa ɗakin gwajin gudu

A ranar Lahadi 27 ga Yulin 1952, wani hafsan sojan ƙasar Cekoslobakiya mai sanƙo, ɗan shekara 29, ya shiga sahun masu gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Helsinki, alhali tunda aka haife shi bai taɓa shiga tsere mai wannan nisa ba. Mako guda kafin ranar ya ci lambar zinare a tseren mita 10,000, kwana uku kafin ta kuma ya ci ta mita 5,000. Da ya gama fanfalakin cikin awa 2 da minti 23 da daƙiƙa 3, sai da aka jira minti biyu da rabi kafin na biyu ya shigo. Shekara fiye da saba'in ke nan, babu wanda ya sake haɗa waɗannan zinare uku a gasa ɗaya. Sunan mutumin Emil Zatopek, kuma masu horar da 'yan tseren dogon zango a duniya, daga tsaunukan Habasha zuwa dazuzzukan Norway, har gobe suna amfani da wani abu daga cikin abin da ya gwada a jikinsa, suna kuma guje wa wani.

An haife shi ranar 19 ga Satumban 1922 a garin Koprivnice da ke yankin Moravia, a gidan wani kafinta mai yawan 'ya'ya da ƙarancin abin hannu. Yana matashi ya tafi garin Zlin ya kama aikin koyo a masana'antar takalma ta Bata, kamfanin nan da 'yan makaranta a Najeriya suka daɗe suna sanya takalmansa, wanda har yanzu akwai mahadar hanya a Kano da ake kira da sunansa. A can ne, a farkon shekarun 1940 lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da ƙasar, aka shirya wa samarin masana'antar tsere aka ce dole ya shiga. Ya yi ta kawo uzurin rashin lafiya, aka tura shi wurin likita, likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya shiga a kan tilas, ya zo na biyu cikin samari kusan ɗari. Wannan na biyun ne ya tsaya masa a rai, domin ya ga cewa ba tare da shiri ba ma mutum ɗaya kawai ya fi shi.

Wanda ya fara nuna masa hanya shi ne Jan Haluza, wani lauya kuma gwanin tsere da ke aiki a Zlin. Zatopek ba shi da baiwar saurin da aka san manyan 'yan tsere da shi, kuma ya san haka. Abin da yake da shi shi ne taurin kai da son gwaji. Zuwa 1944 ya riga ya karya tarihin ƙasarsa a mita 2,000 da 3,000 da 5,000. Bayan yaƙi ya shiga soja, wanda ya ba shi abinci da wurin kwana da kuma, daga baya, lokacin atisaye. A 1946 ya hau keke daga Prague har Balin don halartar gasar sojojin ƙawance, ya sauka ya ci tseren mita 5,000. A wannan shekarar ya zo na biyar a gasar Turai da aka yi a Oslo.

Abin da ya tarar da abin da ya ƙara

Don a fahimci abin da Zatopek ya yi, sai an san yadda ake atisaye kafin zuwansa. Mafi yawan 'yan tseren dogon zango na farkon ƙarni na 20 sun ɗauka cewa ƙarfin mutum kamar hatsi ne a rumbu, duk abin da aka ɗiba a atisaye ya ragu ke nan ranar gasa. Saboda haka suna yawan tafiyar ƙasa, su yi gudu a hankali kwana uku ko huɗu a mako, lokacin hunturu kuma da yawansu su ajiye takalma. Paavo Nurmi na Finlan, gwarzon shekarun 1920, ya kawo gudu da agogo a hannu don raba ƙarfi daidai a kan kowane zagaye. A Suwidin, mai horarwa Gosta Holmer ya fito da salon da suke kira fartlek, wato wasa da sauri a cikin daji, mutum ya zabura in ya ga dama ya sassauta in ya ga dama, kuma da irin wannan ne Gunder Hagg da Arne Andersson suka yi ta kafa tarihi a lokacin yaƙi. A Jamus kuwa mai horarwa Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell sun bi abin ta hanyar awo: ɗan tsere ya yi gajeren gudu har bugun zuciyarsa ya kai kusan 180 a minti, ya huta har ya sauko zuwa 120, sannan ya sake. A ganinsu zuciya tana samun ƙarfinta ne a cikin wannan ɗan hutun, lokacin da take cika da jini tana harba shi da yawa a kowane bugu.

Saboda haka ba Zatopek ne ya ƙirƙiro atisayen zabura-da-sassarfa ba, ko da yake ana yawan jingina masa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki dabarar da ake ba masu matsakaicin zango kamar magani, cokali-cokali, ya mayar da ita tuwon kowace rana ga mai dogon zango. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ya riga ya iya gudu a hankali, don haka bai ga abin da zai koya daga maimaita shi ba. Abin da bai iya ba shi ne gudu da sauri na tsawon lokaci, kuma tunda ba zai iya yin kilomita goma da wannan saurin a tashi ɗaya ba, sai ya yanyanka shi gunduwa-gunduwa. Tsarin da aka fi saninsa da shi shi ne zaburar mita 200 sau biyar, sai mita 400 sau ashirin, sai kuma mita 200 sau biyar, tsakanin kowace zabura da 'yar'uwarta akwai sassarfa ta kimanin mita 200. Ba ya tsayawa, ba ya zama. Yana yin wannan kusan kullum, rani da damina, ko mu ce zafi da ƙanƙara. Abokansa na farko dariya suka yi masa, suna tambayar ko ya koma ɗan gajeren zango ne.

Ilimin yau ya bayyana dalilin da ya sa abin ya yi aiki. Tun 1923 masanin Ingila A. V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel, ya nuna cewa akwai iyakar iskar oksijin da jikin mutum zai iya sha ya yi aiki da ita a minti guda, komai ƙoƙarinsa. Mai gudu a kusa da wannan iyaka ba ya wuce 'yan mintoci kafin ƙafafunsa su yi nauyi. Amma idan ya raba gudun, ya sa ɗan sassauci a tsakani, jimillar mintocin da zai yi a kusa da iyakar za ta ninka abin da zai iya a tashi ɗaya, kuma waɗannan mintocin ne ke tilasta wa zuciya da jijiyoyin jini su ƙara girma da ƙarfi. Sassarfar tsakani ma ba banza ba ce, domin tsoka mai motsi a hankali ta fi tsayayya saurin kwashe sinadarin laktet daga jini ta ƙone shi. A 1967 kuma John Holloszy a Amurka ya nuna, da gwaji a kan ɓeraye, cewa doguwar wahalar gudu tana ƙara yawan mitokondiriya, wato ƙananan ma'aikatun ƙarfi da ke cikin ƙwayoyin tsoka. Zatopek bai san waɗannan sunaye ba a lokacin da yake zagaya dajin bayan bariki. Jikinsa ne ma'auninsa, kuma sau da yawa ko agogo ba ya riƙewa.

Ba duk gwajinsa ne ya yi albarka ba. Tun yana Zlin ya ɗauki al'adar riƙe numfashi a hanyar zuwa aiki, yana ƙirga itatuwan bakin titi, kullum yana ƙara ɗaya, har ranar da ya faɗi sumamme. Yana gudu da manyan takalman soja a cikin ƙanƙara, wani lokaci da dare da tocila a hannu. Idan yana gadi ko an hana fita, sai ya yi ta gudu a tsaye wuri ɗaya, har akwai labarin da ya shahara cewa yakan zuba wanki a bahon wanka ya hau kai yana tattakawa. Takalman sojan suna da hujjarsu, domin sun fi araha kuma suna kare idon sawu a ƙasa mai gargada. Riƙe numfashi kuwa babu mai horarwa mai hankali da ya gaje shi.

Akwai kuma kamanninsa a fili, waɗanda suka sa 'yan jaridar Turai da Amurka suka yi ta gasar siffantawa. Yana gudu kai a karkace, fuska a murtuke kamar wanda ake zare wa rai, harshe a waje, kafaɗu suna ta kai-komo, numfashinsa ana jin sa daga nesa. Daga nan aka yi masa laƙabi da kan jirgin ƙasa na Cek. Masu lura sun ce daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da za a gyara masa, takunsa gajere ne mai tattali. Shi da kansa yakan mayar da abin raha, yana nuna cewa ba a ba da maki don kyan fuska a tseren gudu.

A gasar Olamfik ta Landan a 1948, wata biyu kacal bayan ya fara shiga tseren mita 10,000, ya ci zinarensa cikin minti 29 da daƙiƙa 59.6. Mai riƙe da tarihin duniya, Viljo Heino na Finlan, ya fice daga tseren kafin a gama, na biyu kuma, Alain Mimoun, ɗan asalin Aljeriya da ke wakiltar Faransa, ya shigo bayan kusan daƙiƙa 48. A mita 5,000, cikin ruwan sama da taɓo, Zatopek ya yi sakaci har Gaston Reiff na Beljiyam ya ba shi tazara mai yawa. A zagayen ƙarshe ya farka ya bi shi kamar mahaukaci, filin Wembley ya miƙe tsaye, amma Reiff ya sha da ƙyar da kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. A kakar wannan shekara ya auri Dana Ingrova, 'yar wasan jifan mashi, wadda aka haifa rana ɗaya, wata ɗaya, shekara ɗaya da shi.

Shekaru shidan da suka biyo baya nasa ne. Daga 1948 zuwa 1954 ya ci tseren mita 10,000 sau 38 a jere. Ya karya tarihin duniya na wannan zango a Ostrava a 1949, Heino ya ƙwace, ya sake karɓewa a cikin shekarar, sannan a 1950 ya je har Turku, garin Nurmi, ya sauko da shi zuwa minti 29 da daƙiƙa 2.6. A Satumban 1951 ya zama mutum na farko da ya wuce kilomita 20 a cikin awa guda, inda ya yi mita 20,052. Jimillar tarihin duniya da ya kafa a rayuwarsa 18 ne.

Kwana takwas a Helsinki

Saura kaɗan bai je Helsinki ba, saboda dalili biyu. Na farko, ya yi fama da kumburin maƙoshi 'yan watanni kafin gasar, likita ya shawarce shi kada ya shiga, ya ƙi ji. Na biyu ya fi haɗari. Tun Fabrairun 1948 'yan kwaminis suka karɓe mulkin Cekoslobakiya, kuma shekarun farkon 1950 su ne mafi tsanani, lokacin shari'o'in bogi da rataya. Hukuma ta cire wani matashin ɗan tseren mita 1,500 mai suna Stanislav Jungwirth daga tawaga saboda mahaifinsa fursunan siyasa ne. Zatopek, wanda hafsan soja ne da za a iya gurfanarwa saboda ƙin bin umarni, ya ce in ba a tafi da yaron ba shi ma ba ya zuwa. Jirgi ya tashi da tawaga har da matarsa, ya bar shi a Prague. Hukuma ce ta sauko, aka turo su biyun daga baya. Da ya dawo hannu rabbana, da wuya a ce wannan tsaurin ido ya wuce ba hukunci. Jungwirth kuwa ya kafa tarihin duniya na mita 1,500 a 1957.

Wannan ita ce gasar Olamfik ta farko da Najeriya ta halarta, da 'yar ƙaramar tawagar guje-guje da tsalle-tsalle, kuma Nurmi ne, yana da shekara 55, ya shigo da wutar gasar cikin fili. Mita 10,000 bai ba Zatopek wahala ba, ya yi ta zabura yana sassautawa har kowa ya zube, Mimoun ya sake zuwa na biyu. Mita 5,000 ne aka sha kallo. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe ya yi gaba, amma kafin a kai kwanar ƙarshe mutum uku sun wuce shi: Chris Chataway na Ingila, da Herbert Schade na Jamus, da Mimoun. Saura mita 200 yana na huɗu. A nan ne dubban zaburar da ya yi a gajiye suka biya shi, domin ya saba sake tashi bayan jiki ya ce ya ƙare. Ya fita ta waje ya zagaye su ukun a kan kwana, Chataway ya yi tuntuɓe da bakin layi ya faɗi, Zatopek ya gama cikin minti 14 da daƙiƙa 6.6. Jim kaɗan bayan haka Dana ta karɓi lambarsa ta jefa a jakarta ta shiga fili, jifanta na farko ya kai mita 50.47, ita ma ta ci zinare.

A fanfalaki, tunda bai san yadda ake raba ƙarfi a irin wannan nisa ba, sai ya yanke shawarar bin wanda ya fi kowa sani. Wannan shi ne Jim Peters na Ingila, wanda makonni shida kafin nan ya yi gudun da ya fi kowane sauri a tarihi. Zatopek ya nemo lambar rigarsa a jarida, ya je ya gabatar da kansa a wurin tashi. Peters ya fita da gudun da ya wuce kima. Da Zatopek ya cim masa wajen kilomita 15, ya tambaye shi da Turanci ko saurin bai yi yawa ba. Peters, wanda ya riga ya fara jin jiki, ya amsa da gatse cewa ai ya yi kaɗan ma. Baƙon ya ɗauki maganar da gaske, ko kuma ya yi kamar ya ɗauka, ya ƙara wuta. Peters bai kai ƙarshe ba, tsokar ƙafarsa ta ɗaure ya fice. Zatopek ya shigo fili jama'a na kiran sunansa gaɓa-gaɓa, 'yan tseren Jamaika da suka ci gudun miƙa-sanda suka ɗauke shi a kafaɗa suka zagaya da shi. Reinaldo Gorno na Ajantina ne ya zo na biyu.

Ƙarshen ganiyarsa ya zo a 1954. Ranar 30 ga Mayu a Paris ya karya tarihin mita 5,000 da Hagg ya riƙe tun 1942, kwana biyu bayan haka a Brussels ya zama na farko da ya yi mita 10,000 ƙasa da minti 29, da minti 28 da daƙiƙa 54.2. A farkon wannan watan na Mayu ne Roger Bannister ya yi mil guda ƙasa da minti huɗu, bayan atisayen zagaye goma-goma da hutu a tsakani. Dabarar ta riga ta bazu, kuma gaba da gabanta. A gasar Turai ta Bern a watan Agusta wani sojan ruwan Tarayyar Sobiyet, Vladimir Kuts, wanda ya koyi salon Zatopek ya ƙara masa zafi, ya bar shi a matsayi na uku a mita 5,000 ya kuma ƙwace tarihin.

Martanin Zatopek shi ne ƙarin aiki, kuma a nan ne hanyarsa ta kai bango. A tsakiyar shekarun 1950 ya kai ga yin mita 400 sau ɗari a rana, hamsin da safe hamsin da yamma, wato kilomita 40 ban da sassarfar tsakani, kwana da kwanaki a jere. Ba ya yiwuwa ɗan Adam ya yi zabura ɗari da saurin gaske, saboda haka yayin da adadin ke hawa saurin kowace ɗaya sauka yake yi, har abin ya koma doguwar tafiya mai hawa da sauka. Lokutansa a gasa ba su ƙaru ba. A 1956 Sandor Iharos na Hangari, almajirin Mihaly Igloi, ya karɓe tarihin mita 10,000, Kuts ya karɓe daga hannunsa bayan wata biyu. A wannan shekarar aka yi wa Zatopek aikin ciwon ƙaba, wanda ake dangantawa da atisayen da yake yi ɗauke da Dana a kafaɗa. Bai gama warkewa ba ya tafi Melbourne, ya zo na shida a fanfalaki cikin tsananin zafi. Mimoun ne ya ci, bayan azurfa uku na Olamfik duk a bayan mutum ɗaya. Ya tsaya a bakin layi yana jiran abokinsa, da Zatopek ya iso ya ji labari sai ya ƙame ya sara masa, sannan suka rungume juna.

Abin da Zatopek ya rasa shi ne hutu. Wahala ita ce ke ba jiki umarnin canzawa, amma canjin kansa a lokacin barci da ranakun sauƙi yake faruwa, kuma wanda ya hana jiki wannan dama yana rushe gini ne kafin siminti ya kama. Arthur Lydiard na New Zealand ya gyara wannan ta hanyar raba shekara kashi-kashi: watanni na doguwar tafiya a hankali, kimanin mil 100 a mako, sai makonnin hawan tudu, sai 'yan makonnin zabura dab da gasa, sai sassauci. Almajiransa Peter Snell da Murray Halberg suka ci zinare a rana ɗaya a Rum a 1960. Binciken da aka yi daga baya a kan manyan 'yan wasan juriya ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne, ragowar ne mai zafi. Tarihin mita 10,000 da Joshua Cheptegei na Yuganda ya kafa a 2020, minti 26 da daƙiƙa 11, yana nufin da sun yi tsere tare da ya wuce Zatopek da zagaye fiye da biyu. Sai dai Cheptegei a kan shimfiɗar roba ya yi nasa, da takalman zamani da fitilun da ke nuna masa sauri, shi kuwa wancan a kan garin gawayi. Kuma ra'ayin cewa jikin mutum na iya ɗaukar aiki ninkin abin da ake zato, kowace rana, duk shekara, daga wurinsa aka gaje shi.

Rayuwarsa a wajen fili ba ta miƙe kamar layin tsere ba, kuma mai ba da tarihinsa da gaskiya dole ya faɗi ɓangarorin biyu. Mutum ne mai fara'a da kyauta, ya koya wa kansa harsuna da dama don ya riƙa hira da abokan hamayya, wani lokaci a tsakiyar tsere. Gidansa a Prague masauƙin 'yan tseren duniya ne a lokacin da Gabas da Yamma ba sa ga-maciji. A 1966 Ron Clarke na Ostireliya, wanda ya karya tarihin duniya sau da yawa amma bai taɓa cin zinaren Olamfik ba, ya ziyarce shi. Da ya raka shi filin jirgi sai ya danƙa masa wani ɗan ƙunshi. Clarke ya zaci saƙo ne ake so ya fitar a ɓoye, sai da ya buɗe daga baya ya ga zinaren mita 10,000 na Helsinki ne.

Amma shi ne kuma ɗan gaban goshin gwamnatin kwaminis, ɗan jam'iyya, wanda ya kai muƙamin kanar. A 1950 sunansa ya fito a jarida a ƙarƙashin wasiƙar goyon bayan hukuncin da aka yanke wa 'yar siyasa Milada Horakova da abokan shari'arta, kuma rataye ta aka yi. Malaminsa na farko, Haluza, ya shafe shekaru a kurkukun gwamnatin a daidai lokacin da almajirin ke karɓar lambobi.

A 1968, lokacin da Alexander Dubcek ya fara sassauta mulki, Zatopek da Dana suka sa hannu a takardar neman sauyi da aka sani da Kalmomi Dubu Biyu. Da tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo a daren 20 zuwa 21 ga Agusta, ya fita dandalin Wenceslas yana yi wa jama'a jawabi, yana jayayya da sojojin mamaya da harshensu, har ya nemi a hana Sobiyet shiga gasar Olamfik ta Meziko. Sakamakon bai daɗe ba. Aka kore shi daga soja da jam'iyya, ma'aikatu suka riƙa tsoron ɗaukarsa, ya ƙare a matsayin lebura a wani kamfanin binciken ƙasa da haƙar rijiyoyi, yana kwana a tirela a ƙauyuka nesa da matarsa, yana ɗaukar buhunan siminti yana dab da shekara 50. Ya kuma faɗa shan giya.

Bai jure ba har ƙarshe. A 1971 jaridar jam'iyya ta buga cewa ya janye sa hannunsa, a 1977 kuma ya bi sahun masu la'antar takardar kare haƙƙin ɗan Adam ta Charter 77. Waɗanda suka ɗauke shi gwarzo a 1968 da yawansu ba su yafe masa ba. A ganina, wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan mulki ba ya kamata ya yi hattara wajen yanke hukunci, amma ba za a ce wai bai yi ba, kuma akwai waɗanda aka matsa wa fiye da shi ba su sa hannu ba. Ladan mubaya'arsa shi ne aka ba shi ɗan tebur a ofishin adana bayanan hukumar wasanni a Prague, inda ya riƙa karanta mujallun ƙasashen waje yana fassara sababbin dabarun atisaye don amfanin masu horarwa, wasu daga cikinsu jikokin nasa dabarun ne.

Bayan faɗuwar mulkin kwaminis, Shugaba Vaclav Havel ya wanke shi a hukumance a watan Maris na 1990. Ya rasu a Prague a watan Nuwamban 2000 yana da shekara 78, bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa. An yi taron jana'izarsa a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, inda tsofaffin abokan hamayyarsa suka hallara, Mimoun na cikinsu. An binne tokarsa a Roznov pod Radhostem, kilomita kaɗan daga garin haihuwarsa. A Ostireliya kuwa tun 1961 ake gudanar da tseren mita 10,000 na shekara-shekara da sunansa a Melbourne, kuma Clarke ya ci shi sau da dama. Dana ta rayu shekara kusan ashirin bayansa, ta rasu a watan Maris na 2020 tana da shekara 97.